Kolibri a cikin aji: bitar manhajar haɗa darasi mai aiki ko babu data

Duk malamin da ya gwada Nearpod ko Kahoot a makarantar da sabis yake zuwa yana ɗaukewa ya san inda gizo ke saƙar. Manhajojin suna da kyau, babu musu. A Nearpod malami yana jera shafukan darasi, ya cusa tambayoyi a tsakaninsu, ya ba ɗalibai lambar shiga, sannan duk shafin da ya buɗe shi ne zai bayyana a na'urar kowa. Kahoot gasa ce ta amsa tambaya cikin sauri, kuma tana tayar da ajin da ya yi sanyi. Google Forms tana duba amsoshin zaɓi da kanta ta fitar da maki. Sai dai dukkansu sharaɗinsu ɗaya ne: kowace na'ura a ajin sai ta zauna a kan intanet tun daga farkon darasi har ƙarshensa. Darasin minti 40 ne. In aka kwashe 15 ana jiran shafi ya buɗe, darasin ya tafi, datar ma ta tafi.

Kolibri ta biyo wata hanya daban, shi ya sa ta cancanci a zauna a duba ta. Ƙungiyar Learning Equality ce ta ƙera ta, wata ƙungiya da ba ta neman riba a birnin San Diego na ƙasar Amurka. Asalin aikin nasu KA Lite ne, wadda aka fitar a ƙarshen 2012 domin kai bidiyoyin darasi na shafin Khan Academy wuraren da babu intanet, daga baya aka faɗaɗa tunanin aka fitar da Kolibri a 2017. Kyauta ce, babu kuɗin wata, babu kuɗin kowane ɗalibi, babu talla a cikinta. Kuma fuskarta tana juyawa zuwa harsuna da yawa, ciki har da Hausa, Fulfulde, Larabci, Faransanci da Yarbanci.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne Kolibri kashi biyu ce. Akwai Kolibri Studio, shafi ne a intanet inda ake tara kayan darasi a tsara su. Akwai kuma ita manhajar da ake ɗorawa a kan kwamfuta ɗaya a makaranta, wadda ke zama uwar garke, wato mai riƙe da kayan duka, sauran na'urori su shigo mata ta Wi-Fi na cikin gida wanda ba shi da alaƙa da intanet. Ana bukatar data ne kawai lokacin tsara kayan darasi a Studio da lokacin sauko da su. A cikin aji kuwa ko layi babu a wayar, aiki zai tafi.

Gina darasi a Studio

Ana buɗe asusu da adireshin imel, sannan a ƙirƙiri abin da suke kira tasha. Tasha kamar kabad ce: a cikinta ana yin manyan jakunkuna, a cikin kowace jaka a yi ƙanana. Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne wanda malamai suka riga suka saba da shi a littafin tsarin aiki, wato aji, sai zangon karatu, sai mako, sai batu. Wanda ya zuba komai a jaka ɗaya zai sha wahala a wata na biyu, lokacin da fayiloli suka haura ɗari kuma rabinsu sunansu iri ɗaya.

Studio tana karɓar bidiyo na MP4, sauti na MP3, takardu na PDF da ePub, da ayyukan taɓawa irin na H5P da HTML5. Ana kuma iya jawo kaya daga tasoshin da ke ɗakin karatunsu na kowa da kowa: lissafi da kimiyya na Khan Academy, gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Colorado, littattafan CK-12, kayan horar da malamai na TESSA, da littattafan yara na African Storybook. Amfanin jawowar shi ne malami ba sai ya ɗauko tashar gaba ɗaya ba. Ya ɗauki bidiyo biyu daga nan, gwaji ɗaya daga can, ya haɗa da takardarsa da ya rubuta da kansa, ya jera su yadda manhajar karatu ta ƙasa ta tsara batun.

Wuri na farko da sababbi ke tuntuɓe shi ne lasisi. Kowane fayil da aka ɗora sai an faɗi irin izinin da ke kansa, mafi yawan nau'o'in izinin kuma suna neman sunan mai haƙƙin mallaka. In aka bar gurbin nan fanko, Studio za ta sa wa fayil ɗin jar alama cewa bai kammala ba, kuma ba zai bi sauran zuwa makaranta ba. Malami zai je aji yana neman takardar da ya tabbata ya ɗora, bai gan ta ba. Dalilin ke nan a mafi yawan lokuta. Wuri na biyu shi ne maɓallin wallafawa, wanda aka rubuta Publish a kansa. Duk gyaran da aka yi, ko harafi ɗaya ne, ba ya isa ga kwamfutar makaranta sai an danna shi, sannan a je can a sabunta tashar. Bayan wallafawar farko Studio tana ba da wata lamba ta haruffa goma da ɗan layi a tsakiya, da ita ake kiran tashar daga kowace na'ura. A rubuta ta a littafi.

Sabon asusu yana zuwa da wurin ajiya na megabait 500, ana iya rubuta musu a nemi ƙari. Bidiyon da aka ɗauka da waya kai tsaye yana iya cinye rabin wannan a minti kaɗan, don haka sai an matse shi tukuna. Manhajar HandBrake kyauta ce kuma tana yin wannan aikin: a zaɓi MP4 mai tsarin H.264, a sauke girman hoton zuwa 480p, ko 360p in ba rubutun allo ne za a karanta a ciki ba. Bidiyon minti 10 da aka matse zuwa kilobit 500 a daƙiƙa yana tsayawa ne a wajen megabait 38. Wannan lissafin zai sake dawowa idan aka zo maganar rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi.

Akwai wani ƙaramin zaɓi da ya cancanci yabo: ana iya sa wa fayil alamar cewa malamai kaɗai za su gan shi. Nan ake ajiye jagoran darasi da amsoshin jinga, a cikin jaka ɗaya da kayan ɗalibai, ba tare da yaro ya yi tuntuɓe da su ba. Ana kuma iya gayyatar wani malami ta imel ya shigo tashar ya yi gyara, ta yadda malaman sashe ɗaya za su raba makonnin zango a tsakaninsu.

Tambayoyin auna fahimta

A nan ne darajar Kolibri take, a nan ne kuma mafi yawan masu amfani da ita suke yin sakaci. Tambayoyin da na'urar ke dubawa da kanta iri huɗu ne: zaɓin amsa ɗaya, zaɓin amsoshi fiye da ɗaya, gaskiya ko ƙarya, da rubuta lamba. Ana iya sa hoto a tambaya, ana iya rubuta alamomin lissafi, ana iya ƙara matashiya wadda ɗalibi zai buɗe in ya kakare. Na'urar tana iya jujjuya jerin amsoshin, don kada na kusa ya ce wa ɗan'uwansa “ta biyu ce”.

Ga misali daga lissafin aji ɗaya na ƙaramar sakandare, haɗa rabi da sulusi. Tambayar ita ce 1/2 + 1/3. Amsar daidai 5/6 ce. Malamin da yake sauri zai cike sauran gurabe uku da duk lambar da ta zo masa. Wanda ya san aikinsa kuwa zai sa 2/5, domin yaron da ya zaɓe ta ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Zai sa 2/6, domin wanda ya zaɓe ta ya gane cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa amma ya manta bai canja na sama ba. Zai sa 1/6, domin wannan ya ninka ne maimakon ya haɗa. Kowace amsa mara daidai tana faɗa wa malami irin ciwon da ke damun yaron. In yara 20 suka faɗa kan 2/5, gobe sai a koma allo a yanka lemo ko a naɗe takarda, domin asalin ma'anar kaso ce ba ta zauna ba. In 2/6 ce ta yi rinjaye, gyaran ƙarami ne, minti biyar ya isa. Babu manhajar da za ta yi wa malami wannan tunanin. Abin da Kolibri ke yi shi ne ta nuna masa wa ya zaɓi me, aikin da zai ɗauke shi dare guda da jan biro.

Sai ma'aunin ƙwarewa. Ga kowane atisaye ana faɗa wa Studio yaushe za a ɗauka cewa ɗalibi ya iya: amsa biyu daidai a jere, ko uku, ko biyar, ko goma, ko duka tambayoyin, ko kuma wani adadi daga cikin tambayoyin baya-bayan nan da malami zai ƙayyade da kansa. Biyu a jere ta yi sauƙi ƙwarai. In zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, mai cankar amsa yana da damar ɗaya cikin 16 ya dace sau biyu a jere, wato a ajin mutum 60 kusan yara huɗu za su haye a tambayoyi biyun farko ko da ba su karanta su ba. Goma a jere kuma tana karya gwiwa, yaro ya kai ta tara ya yi kuskuren danna allo, a mayar da shi farko. Huɗu daga cikin biyar na ƙarshe ita ce ta fi dacewa da yawancin batutuwa. Amma sai an rubuta tambayoyi da yawa, 12 zuwa 15 a kowane atisaye. In guda biyar ne kawai, za su yi ta maimaituwa har yaro ya haddace amsa ba tare da ya iya aikin ba.

Tambayar rubuta lamba tana da nata tarko. Na'ura tana kwatanta abin da aka rubuta ne da amsoshin da malami ya shigar, don haka a faɗa a jikin tambayar yadda ake son amsar, misali zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, kuma kada a haɗa da naira ko santimita.

Kayan aikin da ake bukata a makaranta

Da tsohuwar zuma ake magani: tsohuwar laftof mai Windows ko Ubuntu ta isa zama uwar garke ga aji ɗaya, muddin batirinta yana riƙe caji. Ana kuma ɗora Kolibri a kan Mac, da Android, da ƙaramar kwamfutar nan ta Raspberry Pi. Sai rauta, irin ta gida, wadda ba a sa mata layi ba. A haɗa laftof da rauta da igiyar intanet, kada a bar ta a kan Wi-Fi, domin duk abin da ɗalibai ke kallo ta nan yake fita, in ita ma tana kokawar iska da su saurin ya ragu sosai.

Idan aka buɗe Kolibri karon farko za ta tambayi harshe, da irin wurin karatun, sannan a ƙirƙiri asusun babban mai kula. Kalmar sirrin wannan asusun ita ce mabuɗin komai. A rubuta ta a ajiye a ofishin shugaban makaranta, don kada a yi wa malamin kwamfuta canjin wurin aiki ya tafi da ita a kansa. Daga nan a shiga sashen na'ura a shigo da tasha, ko dai daga Studio ta intanet, ko daga filash da katin memori, ko daga wata kwamfutar da ke kan Wi-Fi ɗaya. A manyan tasoshi irin Khan Academy a zaɓi batutuwan da ake so kawai, gaba ɗayanta gigabait ne masu yawa. A wannan sashen ne kuma ake ganin adireshin uwar garken, lambobi ne kamar 192.168.0.100 da :8080 a ƙarshe. Shi ɗalibai za su rubuta a burauza, Chrome ko Firefox. Ba sai an ɗora komai a wayoyinsu ba.

Shigar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci. Kolibri tana karɓar jerin sunaye daga fayil na CSV, wato jadawali irin wanda ake yi a Excel, kuma tana ba da samfurin da za a cike. Wanda ya yi amfani da Excel ya ajiye fayil ɗin a nau'in CSV UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na sunayen yara za su koma alamar tambaya. A sunan shiga kuwa gara a guje wa haruffa masu ƙugiya gaba ɗaya, domin ba kowace waya ce ke da su a madannanta ba. Sunan farko da lambar rajista ya wadatar, tunda a aji ɗaya ana samun Aisha biyar da Muhammad bakwai. Ga 'yan firamare akwai zaɓin shiga ba tare da kalmar sirri ba. A kunna shi, zai ceci minti goma a kowane darasi. Ga manya masu rubuta gwajin da zai shiga sakamako, a bar kalmar sirrin.

Yadda minti 40 ke tafiya

Malami yana shiga da asusunsa, ya ƙirƙiri darasi, ya zaɓo kaya daga tasoshin da ke kan na'urar, ya jera su, ya faɗi wa za a ba: ajin gaba ɗaya, ko wani rukuni, ko wasu ɗalibai da ya ware. Darasin ba ya bayyana ga yara sai an kunna maɓallin da ke sa a gan shi. Wannan shi ne abu na farko da za a duba in yara suka ce ba su ga komai ba. Kaya uku sun isa darasi ɗaya: gajeren bidiyo ko takarda, atisaye, da wani abu na ƙari ga masu saurin gamawa. Darasin da aka haɗa wa aji A ana iya kwafe shi zuwa B da C.

A ɗauka ajin mutum 60 ne, na'urori 15. Minti 10 na farko na allo ne da alli, na'urori a kife. Bidiyon kuma gara a kalle shi sau ɗaya tare, a majigi ko talabijin in akwai, domin na'urori 15 kowace tana fitar da sautinta a lokaci daban hayaniya ce kawai. Sai minti 20 na atisaye, yara huɗu a kan na'ura ɗaya, kowa da littafinsa yana yin aikin a rubuce kafin a danna amsa. Malami yana riƙe da tasa wayar yana ganin wa ya fara, wa ya gama, kuma Kolibri tana sa alamar neman taimako a kan wanda ya yi ta kuskure. Maimakon ya bi layi-layi, sai ya nufi bencin da alamar ta nuna. Minti 10 na ƙarshe a buɗe shafin tambayoyi masu wuya, inda manhajar ke tara tambayoyin da aka fi faɗuwa, a ɗauki ta sama a warware ta a allo.

Raba na'ura yana da tsadarsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. In yara huɗu suka shiga da sunan mutum ɗaya, rahoton zai ce wannan yaron ya ƙware, sauran ukun ba su yi komai ba. Mafita biyu ce. Ko dai a buɗe asusu da sunan rukuni, a karɓi cewa rahoton na rukuni ne, ko kuma a raba ajin kashi-kashi, wasu suna kan na'ura da sunansu wasu suna aikin littafi, a yi musanya a darasi na gaba. Ta farko ta fi kyau ga koyon yau da kullum, ta biyu ita ce kaɗai ta halatta a gwaji. A rukuni kuma a lura da yaron da ke ƙwace na'ura ya amsa komai. A sa doka cewa hannu yana canjawa a kowace tambaya.

Gwaji a Kolibri ana haɗa shi ne daga tambayoyin atisayen da ke kan na'urar. Malami yana zaɓar ko kowa ya ga tambayoyin a jere ɗaya ko a jujjuya su, shi ke buɗe gwajin, shi ke rufe shi, shi ke yanke ko ɗalibai za su ga sakamakonsu. Ana fitar da makin a CSV ko a buga a takarda. Ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare akwai riba ta gefe: jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake rubuta ta, kuma yaron da ya saba zaɓar amsa a allo yana komawa baya ya gyara ba zai je zauren jarrabawa hannunsa na rawa ba.

Inda take ciwo

Babban rauninta shi ne ba a rubuta sabuwar tambaya a cikin manhajar makaranta. Malami ya ga yaransa sun kasa wani abu yau, yana son ƙara tambayoyi biyar gobe, dole ya nemi intanet, ya shiga Studio, ya rubuta, ya wallafa, ya dawo ya sabunta tashar. Haka ma in takarda ɗaya yake son ƙarawa. A Google Forms wannan aikin minti biyar ne. Studio kuma ta fi daɗin aiki a kwamfuta, a ƙaramin allon waya akwai takura, ga shi da harsuna irin su Turanci ko Faransanci ko Larabci ake bin ta. Insha'i da duk amsar da ke bukatar dogon bayani sun rage wa takarda da jan biro. Kuma ba ta da armashin gasa irin na Kahoot, fuskarta a natse take, wanda ke neman kiɗa da tafi ba zai same su ba.

Sauran matsalolin na wuta ne da Wi-Fi, kuma kusan dukkansu suna da magani. Adireshin uwar garke yana iya canjawa duk lokacin da aka kashe rauta aka kunna, sai wanda aka rubuta a allo jiya ya daina aiki. A shiga saitin rautar a ɗaure wa laftof ɗin adireshi ɗaya na dindindin. In laftof tana buɗe Kolibri amma wayoyi ba sa samunta, katangar tsaro ta Windows ce ta tare, a ba Kolibri izini a can. Wasu rautoci suna da saitin da ke hana na'urori ganin juna, musamman a Wi-Fi na baƙi, a kashe shi. Wayoyin Android da yawa in suka lura Wi-Fi ba shi da intanet sai su sulale su koma kan datar layi, shafin ya tsaya cik. A kashe datar wayar kafin a fara, in ta tambaya ko a ci gaba da zama a wannan Wi-Fi a ce e. A kuma hana laftof yin barci in an rufe murfinta, domin in ta yi barci ajin gaba ɗaya ya tsaya.

Maganar bidiyo: na'urori 30 suna kallon bidiyon kilobit 500 a lokaci ɗaya suna jan megabit 15 a daƙiƙa, rauta mai kyau za ta ɗauka. In bidiyon ba a matse shi ba, yana kan megabit 5, ana neman 150 ke nan, kuma ƙaramar rautar gida za ta durƙusa. Mutane sukan ɗora wa manhajar laifi alhali fayil ɗin ne ya yi nauyi. Ajin da na'urorinsa suka haura 20 yana bukatar rauta mai ƙarfi, ko biyu da aka haɗa da igiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya.

Raspberry Pi tana jan hankali saboda ba ta shan wuta. Samfurin Pi 4 yana son caja mai bolt 5 da amfiya 3, kuma fawa-bank mai 20,000mAh yana iya riƙe shi tsawon ranar makaranta. Amma abu biyu ne ke cizon masu amfani da ita. Ɗaya, in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu a katin memori, katin yana iya lalacewa ya tafi da makin zango guda, don haka a riƙa kashe ta yadda ya kamata kuma kada a jona ta kai tsaye da janareto. Biyu, Pi 4 ba ta da agogo mai batir a jikinta. In babu intanet, duk lokacin da aka kunna ta kwanan wata yana iya zama ba daidai ba, sai rahoto ya nuna yaro ya yi aikin Laraba a ranar Litinin. Ana sayen ɗan ƙaramin agogon da ake maƙala mata, Pi 5 kuma ta zo da nata, batir kawai za a sa. Wi-Fi ɗin da ke jikin Pi na 'yan na'urori kaɗan ne, aji cikakke sai da rauta. Ita ma rautar tana bukatar ɗan batirin ajiya, in ba haka ba uwar garke tana raye amma babu mai isa gare ta. Cajin na'urorin ɗalibai kuwa shi ne babban nauyi, ya fi na uwar garke da rauta a haɗe, kuma makarantar da ba ta da sola ta yi wannan lissafin kafin ta sayi ko kwamfutar hannu ɗaya.

Sai maganar da ta fi damun duk mai kishin harshe. Maɓallan Kolibri suna magana da Hausa, amma kayan da ke ciki mafi yawansu da Turanci suke. Akwai littattafan labarai na yara da Hausa a African Storybook da Global Digital Library, suna da amfani ƙwarai ga 'yan aji ɗaya zuwa uku masu koyon karatu. Da an wuce nan zuwa lissafi da kimiyya, galibi sai Turanci, kuma da lafazin Amurka, da misalan dala da mil waɗanda yaron Gumel ko Funtuwa bai san su ba. Malaman Maraɗi da Damagaram za su sami kaya da Faransanci, amma giɓin Hausar ɗaya ne. Hanyar cike shi tana hannun malamai, kuma ba ta da tsada: waya a kan tari na littattafai tana kallon farar takarda, hannun malami yana rubutu yana bayani da Hausa na minti biyar, a matse, a ɗora, a bi shi da tambayoyi 12. Kalmomin fannin a faɗe su da harsunan biyu a cikin bayanin, tunda da Turanci ko Faransanci yaron zai gamu da su a jarrabawa.

Makarantar da ke da intanet mai ƙarfi da na'ura ga kowane ɗalibi za ta fi jin daɗin Nearpod ko Google Classroom, gyara a can nan take ne. Wadda take da ɗakin kwamfuta da aka rufe saboda babu kuɗin data, ko Islamiyya da makarantar yaƙi da jahilci masu 'yan wayoyi kaɗan, Kolibri ce ta dace da su. Kafin a kashe ko sisi, a gwada da laftof ɗaya, rauta ɗaya, wayoyi uku da batu ɗaya na mako guda.

Duk bayanan makaranta, da sunayen ɗalibai da makinsu da tasoshin da aka sauko, suna zaune ne a jaka ɗaya mai suna .kolibri a cikin jakar mai amfani da kwamfutar. A ƙarshen kowane mako a tsayar da Kolibri, a kwafe wannan jakar zuwa filash, a ajiye filash ɗin a wani ɗaki daban da na laftof. Tasoshin kuma ana iya fitar da su zuwa filash daga sashen na'ura, a kai wa makarantar da ke maƙwabtaka ta shigar a tata kwamfutar ba tare da ta sayi data ba.